Da Mudun Wa Aka Auna Naushin?

Akwai wata lamba da ta daɗe tana yawo a wayoyin samari, tun daga Kano har zangunan Faraku da Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin, garuruwan nan biyu da taswirar Faransanci ke rubutawa Parakou da Djougou. Lambar ita ce 129,161. Wai ita ce ƙarfin naushin Francis Ngannou ɗan Kamaru, kamar yadda wata na'ura mai suna PowerKube ta nuna a cibiyar horar da 'yan wasan UFC da ke Las Vegas a shekarar 2017. A kan wannan lamba aka ɗora hukunci, cewa tunda an auna naushi a Amurka har an ba shi adadi, to namu damben na gargajiya, da ba shi da na'ura kuma ba shi da adadi, ƙura ce kawai da ihu. Wasu ɗaliban Hausa kuma sun ƙara gishiri, suna cewa harshen kansa ne bai iya awo ba, domin duk abin da kimiyya ta rarrabe, Hausa kalma ɗaya take jefa masa, wato ƙarfi. Duka zantukan biyu ba su da tushe, kuma na biyun ya fi ɓata mini rai, domin daga bakin masu nazarin harshen yake fitowa.

Tambayar da ya kamata kowane ɗalibi ya fara yi ita ce: 129,161 na mene ne? Kilo ne? Niyuton ne? Jul ne ko wat? Ko ɗaya. Maki ne da kamfanin da ya ƙera na'urar ya harhaɗa da kansa daga abubuwa fiye da ɗaya, kuma ba ya cikin ma'aunan da duniyar kimiyya ta amince da su. Yana da amfaninsa: idan mutum biyu suka naushi na'ura ɗaya a rana ɗaya, za a iya cewa wane ya fi wane maki. Iyakarsa ke nan. Da zarar an ɗauke lambar daga jikin na'urar aka kawo ta majalisar shayi, ta zama kamar mutum ya ce ya sayo hatsi "ɗari uku" bai faɗi ko ƙwaya ba ce, ko mudu, ko buhu.

Kakannin mutanen zangon Jugu ba su yi irin wannan sakaci ba. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Faraku, su yada zango a Jugu, sannan su miƙa Salaga a ƙasar Gwanja, da kanwa da tufafi da kayan fata, su komo da goro. Paul Lovejoy ya yi littafi sukutum a kan wannan fatauci a 1980. Mutumin da ke ratsa masarautu da harsuna haka, rayuwarsa ta rataya ne a kan sanin awo. Shi ya sa goro ƙirga shi ake yi, ƙwarya ɗaya goro 100, domin ƙirge ba ya canzawa daga gari zuwa gari, amma mudu yana canzawa. Har gobe idan ka shiga kasuwar Arzeke ta Faraku, wadda sunanta kaɗai ya isa ya tuna wa Bahaushe arziki, za ka ga mai sayen masara ta juya kwanon awo ta duba gindinsa ko an buge shi ya lotsa, kafin ta yarda a zuba mata. Jikokin waɗannan mutane ne yau ake miƙa wa lamba babu mudu, su karɓa hannu bibbiyu. Wannan ba ci gaba ba ne.

To me masana ke aunawa in sun ce sun auna naushi? Abubuwa uku ne aƙalla, kuma ɗalibin da ya yi makaranta a Benin ya san su da Faransanci: force, énergie, puissance. Na farko shi ne ƙarfin turi, wato yadda dunƙulen hannu ke danna abin da ya sama a lokacin haɗuwa, ana auna shi da niyuton. Na biyu shi ne kuzarin da hannun ya ɗauko ya sauke, ana auna shi da jul. Wasu kan ce makamashi, amma ni na fi son a bar wa itace da gawayi da fetur wannan kalma. Na uku shi ne saurin sauke kuzarin, wato jul nawa a daƙiƙa ɗaya, ana auna shi da wat, ko da ƙarfin doki, wanda ɗayansa ya kai kimanin wat 746. Waɗannan uku ba abu ɗaya ba ne, kuma naushin da ya yi fice a ɗaya yana iya zama na baya a ɗayan. Mai sharhin wasanni a Faris ko Landan shi ma cakuɗa su yake yi a baki, kalma ɗaya yake jefa musu in wasa ya yi zafi. Saboda haka cakuɗar ba ciwon Hausa ba ce. Daga can aka yo mana dakonta, muka fassara ta yadda ta zo.

Awo na gaskiya an yi shi, kuma yana da kyau a san shi. A 1985 wasu masana a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Atha, suka sa Frank Bruno ya naushi wani abu mai kilo 7 da aka lulluɓe da laushi aka rataya. Hannunsa ya isa da gudun mita 8.9 a daƙiƙa, ƙarfin turin ya kai niyuton 4,096, kuma ya kai wannan ƙololuwa cikin kashi 14 daga 1,000 na daƙiƙa. Niyuton 4,096 ya yi daidai da nauyin buhu huɗu masu kilo ɗari-ɗari da ɗan ɗoriya, sai dai nauyi ne da ke sauka ya tashi kafin ƙiftawar ido. A 2000 Smith da abokan aikinsa suka gwada 'yan dambe mataki uku, suka samu cewa da hannun baya ƙwararru kan kai niyuton 4,800, matsakaita 3,722, sababbin shiga 2,381. A 2005 kuma, a Jami'ar Wayne State da ke Amurka, Walilko da Viano da Bir suka kawo 'yan damben Olamfik bakwai suka naushi fuskar mutum-mutumin nan da ake gwajin haɗarin mota da shi. Matsakaicin ƙarfin turi ya tsaya a niyuton 3,427, gudun hannu mita 9.14 a daƙiƙa, nauyin da ke bayan naushin kuwa kilo 2.9.

A lura da wannan kilo 2.9 ɗin, domin nan gizo ke saƙa. Ƙato mai kilo 90 ba duka jikinsa ke shiga naushi ba, ɗan kaso ne ke bin hannu ya isa ga abokin karawa, kuma gwaninta ita ce ƙara wannan kason. Wani bincike na masana Tarayyar Sobiyet da aka buga a 1985, wanda Filimonov ya jagoranta, ya nuna cewa a wajen gwanaye kimanin kashi 38 cikin 100 na naushi daga tunkuɗar ƙafa yake zuwa, kimanin 37 daga murɗa ƙugu da gangar jiki, hannu kansa kuwa kimanin 24 kawai. Duk wanda ya taɓa kallon yadda ɗan dambe ke buɗe ƙafafu, ya miƙa hannun garkuwa gaba, ya ja hannun duka can baya kamar mai shirin jifa da mashi, ya ga wannan lissafi da idonsa tun kafin a rubuta shi.

Yanzu mu koma kan tallar da aka yi da lambar Ngannou. Shugaban UFC, Dana White, ya shaida wa 'yan jarida cewa naushin ya kai ƙarfin doki 96, kuma daidai yake da a ce mota ƙirar Ford Escort ta kwashe mutum a guje. Kowane ɗalibin sakandare zai iya gwada wannan magana da biro. Ɗauki alƙaluman 'yan Olamfik ɗin nan, kilo 2.9 a gudun mita 9.14 a daƙiƙa. Rabin nauyi sau gudu sau gudu ya ba da jul 121. Wannan kuzari ba zai riƙe ƙwan lantarki mai wat 60 fiye da daƙiƙa biyu ba. Bar batun mota ma, ɗauki babur ɗin haya, zemijan kamar yadda ake ce masa a Benin, da direba da fasinja, a ƙaddara duka kilo 240 ne, yana tafiya da gudun hannun nan, wato kimanin kilomita 33 a awa. Kuzarinsa ya kai jul 10,000, ninki fiye da 80. Mota mai kilo 1,000 a wannan ɗan gudun ta haura jul 41,000. Ko an ninka wa Ngannou naushin 'yan Olamfik sau biyar, bai kama ƙafar babur ba, balle mota. Dabarar da ke cikin zancen ƙarfin doki ita ce, in ka raba ɗan kuzari da ɗan ƙanƙanin lokaci sai lamba ta kumbura. Magana ce ta mai tallar tikiti, kuma ya yi aikinsa. Mu da muka ɗauke ta muka sa a rubutu kamar karatun allo, mu ne ba mu yi namu ba.

Fili ma bai gaskata na'urar ba. A ranar 20 ga Janairun 2018, jim kaɗan bayan wannan talla, Ngannou ya kara da Stipe Miocic a Boston, aka yi turmi biyar, alƙalai duka suka ba Miocic. Gaskiya ne a Maris na 2021 Ngannou ya rama, ya sumar da shi a turmi na biyu, amma abin da ya canza a tsakani haƙuri ne da iya tsayuwa da sanin lokacin sakin hannu, ba maki ba. A Oktoban 2023 a Riyad ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku, duk da haka aka ba Fury nasara, sannan a Maris na 2024 Anthony Joshua ya shimfiɗe shi a turmi na biyu. A wannan shekarar ce kuma aka shafe lambar tasa: Alex Pereira ya samu 191,796, sai Eddie Hall ya samu 208,901. Shi Hall gwanin ɗaga nauyi ne, wanda ya ci gasar mafi ƙarfi a duniya a 2017, kuma da ya shiga dambe da Hafthor Bjornsson a Dubai a 2022 shi aka ci. In da lambar ce ke yanke hukunci, da shi ne sarkin masu naushi na duniya. Ba na faɗin wannan don rage darajar Ngannou, mutumin da ya tashi yana haƙar yashi a Batié ya kai inda ya kai. Hannunsa da nauyi, Alistair Overeem ya shaida haka a Disambar 2017. Amma faɗuwar Overeem ce ta tabbatar, ba allon na'ura ba.

Dalilin saɓanin a fili yake. Na'ura ba ta kaucewa, ba ta karewa, ba ta ramawa. Mai naushinta yakan gyara tsayuwa, ya ja numfashi, wani har ya ɗan taho da gudu, ya saki hannu ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba. Da Pierce da abokan aikinsa suka sa na'urar awo cikin safar hannu a wasanni shida na ƙwararru, sakamakon da suka buga a 2006 ya nuna matsakaicin naushi a cikin fili yana tsakanin kimanin niyuton 870 da 1,150, ko da yake an samu ɗaya da ya haura 5,000. Wato abin da mutum ke yi a gaban abokin gaba bai wuce kimanin sulusin abin da ake gani a ɗakin gwaji ba. Sannan abin da ke sumar da mutum ba yawan niyuton ba ne kaɗai. Juyawar kai ce farat ɗaya, yadda ƙwaƙwalwa ke murɗawa a cikin ƙoƙonta. Shi ya sa naushi matsakaici da ya sami haɓa daga gefe, mutum bai gan shi ba, ya fi wanda ya ninka shi ƙarfi amma ya sauka a goshi ko a damtse.

Hausawa sun ce inda babu ƙasa ake gardamar kokawa. Ma'aunin dambe ƙasa ce. Ana sa zare, a yi turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ko bayansa ya taɓa ƙasa an kashe shi. (Ɗalibi mai fassara ya kiyaye: kisa a nan kayarwa ce, ba ɗaukar rai ba, kuma wanda aka kashe da safe yana iya cin tuwonsa da dare.) In turmi uku suka cika kowa na tsaye, sai a ce babu kisa, a raba su. Haka ake yi a gidan dambe na Dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano, haka ake yi a gidan Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, tsakanin Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa, kuma tun da aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube a 2017 wannan hukunci yake isa wayar saurayin da ke zaune a Faraku ko Jugu ba tare da ya tsallaka iyaka ba. Wannan ma'auni yana haɗa duk abin da na'ura ta rarraba da wanda ta manta: nauyi, da gudu, da saiti, da lokaci, da dabarar wanda ake kai wa hannu. Kuma a bainar jama'a ake yinsa, mudun kowa na ganin gindinsa. Sunan Shago bai kai yau don an auna shi da niyuton ba. Mazajen da ya kayar ne, da bakin Muhammadu Bawa Ɗan Anace da ya adana labarin. Edward Powe ya ga darajar wannan adabi har ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Wisconsin a 1984, alhali wasu namu na ganin ƙauyanci ne.

Sai batun harshe, wanda shi ne ainihin sana'armu. Mai cewa Hausa ba ta da abin faɗi sai ƙarfi, ya saurari mahauta da 'yan kallo na yini ɗaya. Za su ce wane yana da ƙarfin tuwo, suna nufin ƙarfi ne tsagwaronsa babu dabara, kuma ba yabo ba ne. Za su ce wane yana da zafin nama, wannan gudun hannu ne da saurin motsi. Za su ce hannun wane da nauyi, wannan shi ne kilo 2.9 ɗin da masana suka sha wahala kafin su ciro. Ƙarfin damtse daban, ƙarfin zuciya daban, zafin hannu kuma wani hali ne na saurin kai duka, wanda ya fi zama aibi a gida fiye da zama gwaninta a fili. Shi kansa dukan ba suna ɗaya gare shi ba. Naushi da dunƙulen hannu ne, mari da tafi ne a kunci, dundu a gadon baya yake sauka, ranƙwashi da gaɓoɓin yatsu ne a ka, shuri da hauri na ƙafa ne. Kowace kalma ta faɗi makami, ta faɗi wuri, wata ma ta faɗi wa ke yi wa wa, domin ba a jin yaro ya yi wa babba ranƙwashi.

Abin da ya fi wannan zurfi yana cikin aikatau. Tun 1960 F. W. Parsons ya tsara aikatan Hausa aji bakwai, kuma saiwar bug- kaɗai ta isa darasi. Kwatanta waɗannan jimloli biyu: "Ya bugi Audu" da "Ya buge Audu." Ta farko aji na biyu ce, ta ce hannu ya sami Audu, ba ta ce komai a kan abin da ya biyo baya ba. Ta biyu aji na huɗu ce, mai nuna cikar aiki, ta ce Audu ya tafi ƙasa. Wasali ɗaya ya raba taɓawa da kisa. In aka sa wakilin suna, duka biyun sai su koma "ya buge shi" a rubuce, karin sauti ne kaɗai ke raba su, na aji biyu ya fara ƙasa ya hau, na aji huɗu ya fara sama ya sauka. Saboda haka mai rahoton dambe da ya rubuta cewa wane ya buge wane a turmin farko ya riga ya ba da awo cikakke. A ƙara da aikatan da ke ɗauko nauyin dukan a jikinsu, kamar ya kirɓa masa naushi, ya ɗirka masa, ya zabga masa, sannan amsa-kama ta zo ta auna faɗuwar: ya faɗi tim, ya zube ragwaf, yana kwance warwas, an bar shi shame-shame. Wanda ya faɗi tim da nauyinsa ya faɗi. Wanda ya zube ragwaf gwiwoyinsa ne suka saki kafin ya san inda yake, kuma likitan ƙwaƙwalwa zai gaya maka wannan bambanci ba na ado ba ne. Harshen da ke da wannan duka ba a ce masa bai iya awo ba. Abin da yake aunawa shi ne sakamako a jikin mutum.

Saboda haka in ɗalibi zai fassara labarin na'urar nan, kada ya rubuta cewa ƙarfin naushin Ngannou ya kai 129,161. Ya rubuta cewa ya samu maki 129,161 a na'urar PowerKube. In niyuton ne a rubutun asali, ya ce ƙarfin turi. In jul ne, ya ce kuzari. In kuwa asalin bai faɗi ma'auni ba, ya sanar da mai karatu cewa ba a faɗa ba, kada ya rufa wa marubucin asiri da kalmar ƙarfi. Ɗaliban Faraku da Jugu suna da wata riba a nan da na Kano ba su da ita, domin a rana ɗaya suna juya Hausa da Dandanci da Faransanci, wasu har da Barganci, kuma wanda ke sauya harshe sau uku kafin azahar ya fi kowa sanin cewa kalma ba ta tsallaka iyaka da kayanta duka.

Kada kuma masu kishin gargajiya su ɗauka na ba su gaskiya baki ɗaya. Akwai masu cewa dambe ba ya buƙatar kowane irin awo, wai komai asiri ne, laya ce da guru da tsagar magani a hannu. Wannan zance ya fi na masu lamba haɗari, domin shi masu lamba baki kawai suke ɓatawa, wannan kuwa kawunan 'ya'yan mutane yake jinginarwa. Ƙasa ma'auni ce mai gaskiya a kan wa ya ci, amma makauniya ce a kan abin da ya faru cikin kan wanda ya tashi ya karkaɗe wando. Mu koma saiwar bug- mu ɗauko aji na bakwai: ya bugu. Ma'anarsa ya daku sosai, kuma ita ce kalmar da muke faɗa wa wanda giya ta kayar. A 1928 wani likita a New Jersey, Harrison Martland, ya rubuta bayanin wata cuta da ya gani a tsofaffin 'yan dambe, tafiya da tangaɗi, harɗewar harshe, rawar hannu, mantuwa, ya kira ta da sunan da 'yan wasan kansu ke kiranta, wato mayen naushi. Hausa ta riga ta haɗa duka da maye a kalma ɗaya. Duk wanda ya zauna da tsofaffin 'yan dambe ya san ba kowa ne ya fita da harshensa daidai ba.

Ga inda awo ke da amfani, kuma ga inda masu son lamba suka yi shiru. Hannun dambe ba safa mai laushi gare shi ba, tsumma ne aka naɗe da igiya aka ɗaure tamau har ya yi tauri, ma'ana turin da safa za ta baza a faɗin fuska, kara a wuri ɗaya take tara shi. Binciken 2005 ɗin nan ya tabbatar cewa ƙarfin naushi na ƙaruwa da nauyin mai yinsa, alhali a al'adar dambe ido ne ke haɗa abokan karawa, ba sikeli ba, kuma 'yan kallo sun fi yin shewa in ƙarami ya tari babba. Sikelin da mahauci ke auna nama da shi a kasuwa ya isa ya raba nauyi-nauyi a ƙofar fili. Tsayin igiya da kaurinta abu ne da ake iya ƙayyadewa da ma'aunin tela, a duba hannu a gaban alƙali kafin a sa zare. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura daga Las Vegas.

Mafi muhimmanci shi ne ƙirgen kwanaki. A damben zamani, wanda aka sumar dokar likita kan hana shi komawa fili na aƙalla kwana 30, wani wurin fiye da haka, domin ƙwaƙwalwar da ta girgiza ba ta jure girgiza ta biyu kafin ta warke. A gidajen da ake dambe safe da yamma, kuma abincin ɗan wasa ya dogara ga kuɗin da ake liƙa masa a ranar, matsin komawa da wuri a bayyane yake, ga kalangu na kiran takensa, ga 'yan ɓangarensa na zuga shi. In masu shirya gasar mota da masu ɗaukar bidiyo suna son su kawo wa dambe lissafi, to su fara da littafi guda a hannun sarkin dambe, mai layi uku: sunan ɗan wasa, ranar da aka kashe shi, da ranar da aka yarda ya sake ɗaura kara.